Yaron da Ba Shi da Mai Kai Shi Asibiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ƙaramin asibiti na ƙauye ko na unguwa a ranar rigakafi, ya dubi matan da suka yi sammako, waɗansu bisa benci, waɗansu a gindin darbejiya, kowace da katinta a hannu, lalle zai ga abin da zai faranta masa rai, domin a da ba a samun irin wannan taro sai da shelar mai unguwa da matsin dagaci. Amma in ya ƙara dubawa da idon basira, zai lura cewa kowane yaro da ke wurin, ko dai yana goye a bayan wata, ko kuwa yana riƙe da hannun wata. Babu wanda ya kawo kansa. Shi asibiti, komai kyan gininsa da ƙwarewar ma'aikatansa, wuri ne da yake zaune yana jiran a kawo masa majinyaci, saboda haka yaron da ba shi da mai kawo shi, ko wanda mai kawo shin ba ta da kuɗin mota, ko ba ta da izinin fita, ko ita kanta yarinya ce wadda ba ta san alamar haɗari ba, to shi da asibitin nan ba za su haɗu ba sai ranar da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. A kan wannan yaro nake so mu yi magana, da kuma irin hidimar lafiyar da take tashi ta bi shi har inda yake.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba su cika shekara biyar a duniya ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai 187, a Jihar Kebbi kuwa har 252, watau ɗaya cikin huɗu, alhali a Jihar Ogun 30 ne. Abin da ya fi ciwo cikin wannan lissafi shi ne, cututtukan da suke ɗauke yaran nan ba baƙi ba ne, ba kuma masu wuyar magani ba ne: zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, da wahalhalun haihuwa, sa'an nan tamowa tana ƙarƙashinsu duka tana raunana jiki. Gudawa maganinta ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinc, zazzaɓi maganinsa na kwana uku ne, ƙyanda kuwa allura ce. Mun yi imani cewa ajali idan ya zo ba a jinkirta shi, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali shi ne barin sababi ba, kuma ba wanda zai ce Allah Ya fi son ran ɗan Ogun bisa na ɗan Kebbi. Bambancin yana cikin abin da mutane suka yi da abin da suka bari.

Tunanin kai lafiya ƙofar gida ba sabo ba ne a wurinmu. A zamanin En'e akwai ɗakin shan magani a garin hakimi, akwai malamin asibiti, akwai duba-gari wanda yake shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, har mata suna jin zuwansa su hau shara. Amma duniya ba ta tsayar da magana ɗaya a kan al'amarin ba sai a watan Satumba na 1978, lokacin da wakilan ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka yarda cewa tushen lafiyar jama'a shi ne hidimar farko, mai sauƙi, mai araha, wadda take kusa da inda mutane suke zaune, suka kuma yi fatan kowa ya same ta kafin shekarar 2000. A Nijeriya wanda ya ɗauki wannan aƙida da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, kuma a ƙarshen zamaninsa aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lafiya a matakin farko. Manufar ita ce a horar da 'ya'yan gari a makarantun koyon aikin lafiya, su koma cikin danginsu, su riƙa ɓatar da babban rabo na lokacinsu suna zagaya gidaje. Sai dai da yake an ɗora nauyin a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi rauni cikin matakan mulki, kuma likitoci da nas-nas ba sa son zaman ƙauye, sai wanda aka horar don yawo ya zama shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai karɓar haihuwa, ya kafe a ɗaki ɗaya ba ya iya fita. Zuwa 2003 yara 13 kawai cikin 100 ne aka samu sun kammala allurar rigakafinsu a faɗin ƙasar.

'Yan'uwanmu na Nijar, duk da ƙarancin abin hannunsu, sun nuna abin da niyya take iya yi. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a karkara, aka sa ma'aikaci a ciki wanda aka koya wa gane zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari da yi musu magani, kana a 2006 aka ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin asibiti. Mutuwar yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gaskiya ne gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci bashin wannan kyauta, har magani ya riƙa yankewa a wurare da yawa, amma duk da haka samun irin wannan sauƙi cikin shekaru goma sha ɗaya, a ƙasar da ake lissafa ta cikin mafi talauci a duniya, hujja ce a kan duk mai cewa sai an yi arziki tukuna za a ceci yara.

Babu inda hikimar wannan tafarki ta fi bayyana kamar a sha'anin tamowa, saboda haka bari mu ɗan dakata a kanta. Tamowa mai tsanani tana zuwa da fuska biyu: ko yaro ya rame har fata ta manne wa ƙashi, fuskarsa ta koma ta tsoho, ko kuwa ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya zama ba ya wasa ba ya dariya, har wanda bai sani ba ya zaci ƙiba ce ko sammu. A da, maganinta sai an kwantar da yaro a babban asibiti, ana dama masa wata madara ta musamman dare da rana, wadda take bukatar ruwa mai tsabta da ma'aikaci mai lura, uwa kuma ta zauna tare da shi kusan wata guda. To, wace uwa ce a ƙauye za ta bar miji da sauran 'ya'ya da dabbobi, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, ta tafi birni ta yi wata? Kaɗan ne suke zuwa, cikin waɗanda suka zo kuma da yawa sukan gudu kafin a sallame su, a riƙa zarginsu da jahilci, alhali tsarin ne bai dubi halinsu ba.

A 1996 waɗansu Faransawa biyu, likita André Briend da masanin sarrafa abinci Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci daga niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, aka zuba shi a leda mai nauyin giram 92, aka sa masa suna Plumpy'Nut. Fa'idarsa ita ce ba a dama shi da ruwa, ba a dafa shi, ba ya saurin lalacewa, yaro yana iya tsotsarsa da kansa. Babban gwajinsa ya zo ne a ƙasar Hausa, a yankin Maraɗi, a 2005, bayan fari da fara sun ɓata amfanin gona, hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. A shekarar nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu ba tare da an kwantar da su ba. Yadda ake yi shi ne, a naɗa wa yaro wani ɗan tsiri mai launi uku a damtse, in kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba sai ya faɗa a ja, a danna bayan ƙafarsa da yatsa a ga ko wurin zai lotsa, sa'an nan a ba shi abincin a ga ko zai ci. In ya ci, kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, sai a ba uwa rabon mako guda ta koma gida, ta dawo mako mai zuwa a sake awo, cikin mako shida zuwa takwas yaro ya miƙe. Wanda ya ƙi ci ko ya galabaita shi ne kaɗai ake kwantarwa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan hanya, a 2009 aka fara ta a waɗansu jihohin Arewacin Nijeriya, daga baya kuma a yankin Mirya na ƙasar Damagaram aka gwada koya wa iyaye mata yin awon damtsen da kansu, aka tarar suna yinsa daidai, kuma yaransu suna isa asibiti da wuri. Abin lura ne, ga mutanen da aka san ƙasarsu da dalar gyaɗa, cewa maganin yunwar 'ya'yansu daga gyaɗa ya fito, kuma alhamdu lillahi yanzu ana sarrafa shi a Yamai da Kano. Abin takaici kuwa shi ne ganin ledar nan a kan tiren 'yan kasuwa, manya suna saye suna lasa. Wanda ya karkatar da ita daga asibiti, da wanda ya saya yana sane, su sani cewa ran wani yaro suka ci, kuma amana ce da za a tambaye su.

Haka aka yi wa zazzaɓin cizon sauro. Tun da a ƙasashenmu na Sahel cutar tana da lokacinta, watau damina da ɗan abin da ya biyo bayanta, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 magani tun ba su kamu ba, sau ɗaya kowane wata har damina ta wuce. Masu rabon, waɗanda galibi 'yan garin ne, sukan bi gida-gida su ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a jikin bango. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu.

Amma magani ba ya shiga gida sai an buɗe masa ƙofa, ƙofa kuwa amana ce take buɗe ta, kuma wannan darasi mun koye shi da tsada a kan shan inna. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafinta a Kano da waɗansu jihohi saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, ba a koma ba a Kano sai Yulin 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin ashirin, har Indonesiya. Zargin bai tabbata ba, yara da yawa kuma sun shanye a dalilinsa. Duk da haka ba adalci ba ne a ce tsoron jama'a ba shi da tushe, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Ban da wannan, magidanta suna da wata tambaya mai ma'ana: don me ake bin mu har gida da ɗigon nan kyauta, alhali in ɗana yana zazzaɓi na kai shi asibiti ko ƙwaya ɗaya ba a ba ni? Ba a ci nasara ba sai da aka saurari wannan tambaya. Aka haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da rabon magunguna, sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka shiga gaba suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, waɗanda cutar ta naƙasa suka bi gidaje bisa kekunansu suna roƙon iyaye, kuma aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa waɗanda suke zuwa barka da suna, suna rubuta kowane jariri da kowace mai ciki. Duk wanda ya san tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, da yadda ta naɗa jajoji suna kai ilimi ga matan karkara har cikin gidajensu, ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mace amintacciya tana shiga inda namiji baƙo ba ya shiga. Aikin bai tafi ba tare da jini ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. An ga na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Inda babu wannan ido na kusa, masifa takan daɗe tana ci kafin a ji labarinta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara kimanin 400, ba a kuma gane ba sai da ma'aikatan agaji suka lura da yawan mutuwar. Cutar noma, mai zaizaye baki da fuska, tana farawa ne da kumburin dasashi a bakin yaro mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda, a wannan mataki wankin baki da ƙwayoyin kashe cuta da abinci sun isa, amma in an bar ta takan kashe har tara cikin goma. Asibitin yara masu noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999 yana gyara fuskokin waɗanda suka tsira, Nijeriya ce kuma ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Aiki ne mai girma, sai dai ma'aikaciyar ƙauye da za ta ce wa yaro ya buɗe baki ta duba, ta fi likitan fiɗa ceton rai.

To, jama'a, duk waɗannan nasarori da na lissafa an gina su a kan sharuɗɗa biyu: yaro ya kasance bai wuce shekara biyar ba, kuma ya kasance yana da gida da uwa a cikinsa wadda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa. Wanda ya fita daga waɗannan sharuɗɗa ya fita daga littafin kowa, kuma babu wanda ya fi almajiri fita. Ana kawo shi yana ɗan shekara shida ko bakwai, daidai lokacin da shirye-shiryen lafiyar yara suka sallame shi, ba takardar haihuwa, ba katin rigakafi. Yana kwana a zaure ko a rumfar kasuwa ba gidan sauro, yana yawo ba takalmi, yana cin abin da ya kwana a kwanon wani, yana wanka a kududdufi inda tsargiya take, har shi da 'yan'uwansa sun ɗauki fitsarin jini alamar girma ce. Ƙazwa da makero da gyambo sun zama kamar tufafinsa. In zazzaɓi ya kwantar da shi, malam, wanda shi ma sau da yawa ba shi da abin kai wa bakin salati, zai yi masa rubutu da addu'a, abokansa su haɗa 'yan kuɗin da suka samu su sayo masa rabin magani a kemis, in ya tashi falillahil hamdu, in bai tashi ba a aika wa iyaye. Mai rabon maganin damina ta wuce shi don ya girme wa awonta, mai rabon maganin tsutsar ciki da tsargiya kuma ya fi bin makarantun boko. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha shan wuya, mafi yawan waɗanda ya kama kuwa yara ne da ba su kammala rigakafi ba. A 2020, da annobar korona ta zo, abin da gwamnonin Arewa suka yi wa almajirai shi ne loda su a motoci a mayar da kowa jiharsa, har aka sami waɗansu ɗauke da cutar bayan sun isa.

Ba ina sukar karatun allo ba ne, domin daga tsangaya alarammomin da muke alfahari da su suka fito. Abin da nake cewa shi ne, tsarin da ya riƙe almajiri a da ya warware. A da kusan kowane almajiri yana da uwar ɗaki, wadda yake yi wa aike da ɗebo ruwa, ita kuma tana ajiye masa tuwo, tana ba shi sabulu, in ta kwana biyu ba ta gan shi ba ta aika a dubo shi. Garuruwa sun cika, almajirai sun yi yawa, gidaje sun rufe ƙofofinsu da ƙarfe, wannan ido ya tafi, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba. An kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, muna mata fatan alheri, amma yaron da ƙaiƙayi ya hana barci ba zai riƙe karatu ba, na allo ne ko na boko.

'Ya mace tana da nata rabon. Akwai 'yar talla da take yini a tasha, akwai 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, wadda in ta yi ciwo sai a mayar da ita a ɗauko wata, akwai kuma amarya ƙarama mai cikin fari, wadda kunya ta hana ta faɗar abin da take ji, har naƙuda ta yi kwana biyu ko uku a ɗaki, kan ɗa ya danne mafitsara, ɗan ya mutu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya ɗinke dubban irin waɗannan mata, amma abin da zai hana su zuwa can tun farko ƙaramin abu ne: awo da wuri, ungozomar da aka koya wa sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinta, miji da ya bar izini da kuɗin mota kafin ya yi tafiya, da direban da ya yi alkawarin tashi ko da tsakar dare, kamar yadda ƙungiyar direbobi ta yi a waɗansu jihohinmu. A Oktoban 2023 kuma aka fara ba da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda ya kamata iyaye su nema.

Samari kuwa ciwonsu na ɓoye ne. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabace shi, a watan Mayun 2018 kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A 2019 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da yara, da sarƙa a ƙafa. An la'anci masu gidajen, kuma sun cancanta, amma ba a tambayi dalilin da ya sa uba zai kai ɗansa can da hannunsa ba. Ya kai shi ne don ba shi da wata ƙofa, domin asibitin ƙwaƙwalwa yana nesa kuma ana gudun sunansa, na unguwa kuwa ba wanda aka koya wa wannan fanni. Saurayi ɗan shekara goma sha shida ba zai zauna a layin masu goyo ba, ba zai kuma faɗi sirrinsa ga ma'aikacin da yake sallah sahu ɗaya da mahaifinsa ba, sai in ya tabbata cewa maganar za ta tsaya a ɗakin. Keɓe masa yini ɗaya da yamma, da ma'aikaci mai riƙon sirri wanda ba ya fara magana da zagi, ba abu ne mai cin kuɗi ba. Sai kuma 'ya'yan waɗanda rashin tsaro ya kora daga Borno da Zamfara da Katsina da Sakkwato, waɗansu har Maraɗi, waɗanda asibitocin ƙauyukansu sun zama kufai, su kuma suna raɓe a kangaye a gefen birane, ba sa cikin lissafin mai unguwar da suka sauka a wurinsa.

Maganar kuɗi ba ta ɓuya. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma na gwamnatin tarayyar Nijeriya yakan tsaya wajen kashi 5 ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don hidimar farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, amma har yanzu fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, wanda kuwa ba shi da aljihu sai ya haƙura. Yawancin ayyukan da na yaba a sama da kuɗin waje aka yi su, kuma a 2025, da Amurka da waɗansu ƙasashe suka janye babban rabo na agajinsu, sai cibiyoyin tamowa suka fara rufewa. MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Abin kunya ne al'umma ta jingina ran 'ya'yanta ga kasafin wata ƙasa.

Alhali kuwa shari'armu ta riga ta yanke hukunci tun da daɗewa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun tabbatar cewa ɗaukar yaron da aka tsinta yashe farali ne na kifaya, watau in wani ya yi ya ɗauke wa kowa, in kowa ya ƙi duk gari ya yi zunubi, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali in ba shi da dukiya. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, nafaƙar ɗa kuwa wajibi ce a kan uba, kuma kai shi makaranta a wani gari ba ya sauke ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur, don ya san lafiyar talakawa tana cikin abin da aka ɗora masa. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Sakkwato da Zamfara da Kano, muna da attajirai masu gina masallaci kusa da masallaci. Da ɗaya cikin goma zai tsayar da waƙafi don albashin ma'aikaciyar lafiya da akwatin magani a unguwarsa, da ya bar sadaka mai gudana wadda ba ta gaza ta bulo da siminti ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Kowane asibitin mazaɓa ya san tsangayun da ke ƙasarsa da yawan yaran da ke cikinsu, ya ɗauke su tamkar gidaje, ma'aikaci ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata, da yardar malam, a duba fata da baki da ido, a cike allurar da aka rasa, a ba da gidan sauro, a koya wa gardi ɗaya gane alamar haɗari a ba shi lambar da zai kira. Gwamnatocin jihohi su sa sunayen yaran nan, da marayu da 'yan gudun hijira, cikin waɗanda asusun marasa galihu yake biya wa, su kuma biya ma'aikatan gida-gida haƙƙinsu a kan kari, domin ba a gina aikin dindindin a kan sa kai. Uban da ya kai ɗansa karatu ya bar wa malam katin rigakafi da kuɗin magani, ya riƙa zuwa yana ganinsa.

Kai kuma mai karatu, akwai tsangaya kusa da gidanka, ko yarinyar da take kawo muku talla, ko baƙin da suka sauka a kangon bayan layinku. Ka je ka gai da malam, ka tambaye shi wa yake kai yaransa asibiti in sun kwanta. In ya ce babu, to ka tara maƙwabtanka da limaminku da mai unguwa, ku tafi wurin shugaban asibitin mazaɓarku, ku tsayar da ranar da zai fara zuwa.